Yadda Ake Zaɓen Eriyar Talabijin da Kafa Ta a Matankari

A lokacin kokawar takobi, wadda ake yi a Nijar tun 1975, gidan da talabijin ɗinsa ke kamawa sosai shi ke cika a Matankari. Ranar da Issaka Issaka, gwarzon jihar Dosso, zai shiga fili, tabarmi ba sa isa. Sai dai sau da yawa ana gab da kaye hoto yake daskarewa, murya ta ɗauke. Mai gida ya ɗora wa akwatin laifi, alhali matsalar tana sama, wajen eriya, wadda mutanen yankin suka fi kira anten.

Matakin farko shi ne sanin ta inda shirin zai zo. Hanya biyu ce: ko daga dogon ƙarfen watsa shirye-shirye da ke ƙasa, ko daga tauraron ɗan'adam. Matankari na cikin kwarin Dallol Mauri, arewa da Dogon Dutsi, ga tuddai da duwatsu a gefensa. Zangon UHF da talabijin na zamani ke amfani da shi yana tafiya miƙe ne kamar hasken tocila, tudu na iya tare shi. Don haka mai hankali yakan zagaya unguwa kafin ya kashe ko dala, ya ga abin da maƙwabta suka kafa, inda suka fuskantar da shi, da tashoshin da suke samu. In babu mai samun hoto mai kyau ta ƙasa a unguwar, sai a nufi parabol, wato farantin da ke kamawa daga tauraron ɗan'adam, kai tsaye.

In ta ƙasa za a kama, sai zaɓen eriya. 'Yar ƙaramar nan ta cikin ɗaki mai ƙaho biyu ta mutanen da ke kusa da tashar watsawa ce. Abin da ya dace da wuri mai nisa shi ne mai kama da ƙashin kifi, wadda Yagi da Uda suka ƙirƙiro a Japan a 1926. Yawan haƙarƙarinta, yawan ƙarfin jawowarta, amma kuma sai an saita ta daidai. Tsawon haƙarƙarin ma yana da magana: tsofaffin eriyoyi masu dogayen sanduna na zangon VHF ne, na UHF gajeru ne, ba su kai kamu ɗaya ba. Sannan a duba bayan talabijin ko kwalin dekoda a ga an rubuta DVB-T2, tsarin da TNT, wato talabijin na dijital da ake kamawa ta ƙasa, ke aiki da shi a Nijar. Idan babu, ko an sayi eriya mafi tsada ba za a ga komai ba.

Akwai mai siffar faifai da ke kamawa ta ko'ina. Wannan ta masu jirgin ruwa ce, irin na kogin Kwara wajen Gaya ko Yawuri, domin jirgi na juyawa, ba ya tsayawa fuska ɗaya. Ƙarfinta kaɗan ne, gidan da ba ya motsi ba ya bukatarta.

Daga nan sai kafawa. Tsawo ya fi komai: a samu bututun ƙarfe ko gora mai kauri, eriyar ta wuce rufi da kan itatuwan dogon yaro na kusa, ta yi nisa da wayar lantarki. Ɓangaren gajerun sanduna shi ne gaba, shi ake nunawa wajen tasha. Sandunan su kwanta ko su tsaya yadda na maƙwabtan da ke kamawa suke.

Saitin aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana riƙe da gora yana juyawa a hankali, yaro na bakin taga yana kallon allo yana kira: "Baba, ya zo! Ya tafi! Koma kaɗan!" Gara a buɗe shafin da ke nuna layi biyu, na ƙarfi da na inganci, a bi na inganci. A tsarin dijital babu hoto mai yayyafi irin na da: ko ya fito tas, ko ya farfashe. Inda layin ya fi cika, nan za a ɗaure, a ja waya uku zuwa turaku uku, saboda iskar farkon damina ba ta barin abin da aka kafa da wasa.

Wayar da ke saukowa ita ce aka fi rainawa, kuma ita ta fi ɓata aiki. A sayi mai kauri, mai rubutun 75 ohm, wadda ragar cikinta ta cika. Kada ta yi tsawon banza, kada a yi mata gami. A naɗe bakinta na sama da salatif, a lanƙwasa ta ƙasa kaɗan kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje, a ɗaga ta inda awaki ba sa kaiwa. Busta kuwa, wato na'urar ƙara ƙarfin kamu, ba ta ƙirƙiro abin da eriya ba ta kamo ba, ga shi tana cin batirin sola.

Mai parabol shi ma da nasa lissafi. Taurarin suna sama da tsakiyar duniya, nisan kilomita kusan 36,000, don haka daga Matankari faranti kudu yake kallo, ya karkata gabas ko yamma gwargwadon tauraron da ake nema. A kafa shi kan ƙarfe da siminti, ba jikin katangar laka ba, domin gocewar da ba ta kai faɗin yatsa ba tana ɗauke hoto. In ruwa mai ƙarfi ya sauko tashoshi suka ɓace, kada a taɓa shi, za su dawo da kansu.

Ko eriya ce ko parabol, da zarar hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare wayar daga bayan talabijin, kuma kada kowa ya hau rufi sai gari ya washe.