Gyaran Kafar Fitsari Ga Yara Maza: Yadda Likita Kan Hango Matsala Tun Kafin Tiyata

Cikin kowane jarirai maza 200 zuwa 300 da ake haifa, akan sami ɗaya wanda kafar fitsarinsa ba ta fito a ƙarshen azzakari ba, sai ta ɓulla ta ƙarƙashi. Likitoci na kiran wannan larura haifosfadiyas. Tana samuwa ne tun yaro na ciki, tsakanin mako na 8 da na 14, sa'ad da hanyar fitsari ba ta gama haɗuwa ba. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin maita ko iskoki ba.

Alamunta uku ne. Kafar fitsari ba ta inda aka saba ganinta. Azzakari yakan lanƙwashe ƙasa. Sa'an nan loɓa, watau fatar da ake yankewa wajen kaciya, takan taru a sama ta bar ƙarƙashi a buɗe. Wannan ne ya sa wasu iyaye kan ce an haifa musu yaro da kaciyarsa.

Ana gyara wannan larura da tiyata, kuma mafi yawan yara sukan warke sarai. Amma aiki ne mai wuya a wuri ɗan ƙarami, don haka wani lokaci matsala takan biyo baya. Ba kasafai take zuwa bagatatan ba. Likita yakan hango ta tun kafin ya taɓa wuƙa.

Matsalolin da kan biyo baya

Wadda aka fi gani ita ce ɗinki ya ɓule, fitsari ya riƙa fita ta huji biyu ko fiye. Akwai kuma tsukewar sabuwar kafa ko ta hanyar fitsarin kanta, har yaro ya riƙa yunƙuri, fitsari na fita siriri kamar zare. Wani lokaci ɗinkin kan azzakari yakan warware, kafar ta koma inda take da. Lanƙwasar ma tana iya dawowa.

Abubuwan da likita kan duba

Na farko shi ne mazaunin kafar. Wajen yara 7 cikin 10, kafar tana kusa da kan azzakari, kuma a cikinsu waɗanda kan sami matsala ba su cika wuce 1 cikin 10 ba. In kuwa kafar tana can gindi, kusa da maraina, hanyar da za a ƙera tana da tsawo, kuma matsala tana iya samun 1 cikin 3, ko ma rabi.

Na biyu shi ne yawan lanƙwasa. In ta yi tsanani, tilas a fara miƙar da azzakari, sau da yawa kuma sai an raba aikin gida biyu, da tazarar kimanin wata 6.

Na uku shi ne girman kan azzakari. Likitoci a Amurka sun lura cewa in faɗinsa bai kai milimita 14 ba, ɗinki ya fi saurin warwarewa. Saboda haka wasu sukan ba yaro maganin da zai ƙara wa wurin girma kafin aiki.

Na huɗu shi ne lafiyar tsirin naman da ke ƙarƙashin azzakari, wanda ake naɗewa a mai da shi hanyar fitsari. Dabarar da aka fi amfani da ita yau, wadda Dokta Warren Snodgrass ya bayyana a 1994, a kan wannan nama ta dogara. In yana da faɗi da laushi, aiki yakan yi kyau.

A 2013 wasu likitoci a birnin Atlanta na Amurka suka fito da wani ma'auni da ake kira GMS. Ana duba kan azzakari, da mazaunin kafa, da lanƙwasa, a ba kowanne maki 1 zuwa 4. Jimla takan kama daga 3 zuwa 12, kuma gwargwadon yawan maki, gwargwadon haɗarin ɓulewar ɗinki. Amma a sani, ma'auni kirdado ne kawai. Amfaninsa shi ne likita ya zaɓi dabarar da ta dace, iyaye kuma su san abin da ke gabansu.

Abin da ke hannun iyaye

Duk abubuwan da aka zana a sama halitta ce, ba mai iya sake ta. Amma akwai waɗansu huɗu da ke hannunku.

1. Kada a yi wa yaron kaciya sai likita ya gan shi. Da loɓar nan ake rufe ɗinki, ko a ƙera sabuwar hanya. In aka yanke ta, an zubar da kayan aikin likita. Muna roƙon wanzamai da ungozomomi da ma'aikatan ɗakunan shan magani, duk wanda ya ga irin wannan yaro ya dakata, ya tura iyaye asibiti. Bayan tiyata yaron yakan fito kamar mai kaciya.

2. A kai shi da wuri. Lokacin da aka fi so shi ne tsakanin wata 6 da wata 18, domin rauni ya fi saurin warkewa, yaro kuma ba zai tuna wahalar ba. Wanda ya wuce haka ma ana yi masa, kada kunya ta hana. In kuma ba a ji 'ya'yan maraina a mazauninsu ba, a gaggauta, don akwai ƙarin binciken da za a yi.

3. A nemi gwani. Aikin farko shi ya fi kowane samun nasara, domin kowane maimaici yakan tarar da tabo, tabo kuwa ba ya riƙe ɗinki kamar lafiyayyen nama. Akwai likitocin tiyatar yara a asibitocin koyarwa na Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ibadan da Legas, da Asibitin Ƙasa na Abuja.

4. A bi umarnin likita bayan aiki. Akan bar robar fitsari kamar mako guda ko fiye. Kada a ja ta, kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a barbaɗa masa wani gari. In an ga zazzaɓi, ko mugunya, ko jinin da ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya daina zuwa, a koma asibiti nan take.

Bayan an sallami yaro

Yawancin matsaloli sukan bayyana cikin shekarar farko, amma waɗansu sai yaro ya fara fitsari da kansa, ko ma ya balaga. Don haka uwa ta riƙa lura da fitsarin ɗanta: ta kafa ɗaya yake fita? da ƙarfi yake fita? yana kuka? Uba kuma ya adana katin asibiti, ya mai da yaron duk ranar da aka ɗiba. In huji ya ɓulla, kada a firgita. Akan jira kamar wata 6 wurin ya huce, sa'an nan a toshe shi.

Kafin ku sa hannu a takardar tiyata, ku tambayi likita: ina kafar take, aiki sau nawa za a yi, wace matsala kuma yake hange? Hakkinku ne ku tambaya, wajibinsa ne ya amsa.