Hawan jinin da ake cirewa da wuƙar tiyata

Idan budurwa 'yar shekara goma sha tara ta shigo ɗakin likita da ciwon kai mai naci, ga ƙishirwa, ga tashi fitsari sau da yawa cikin dare, aka kuma auna jininta aka ga 190/120, abin da dangi kan fara faɗa shi ne: "Tunani ne ya yi mata yawa." Likitan ƙoda kuwa ba ya tsayawa a nan. Hawan jini mai tsanani a irin wannan shekaru yakan zama yana da tushe, kuma wajibi ne a tono shi.

Ɗaya daga cikin tushen shi ne wani ɗan ƙari da ke tsirowa a ƙoda, wanda likitoci ke kira reninoma. Girmansa sau da yawa bai wuce santimita biyu ko uku ba, amma yana kwarara sinadarin renin cikin jini babu ƙaƙƙautawa. Renin ɗin kan sa jijiyoyi su tsuke, ya kuma tunzura sinadarin aldosterone, wanda ke riƙe gishiri a jiki yana zubar da fotasiyam ta fitsari. Daga nan kasala da ɗaurewar tsoka ke zuwa. Wani likita mai suna Robertson da abokan aikinsa a Ingila ne suka fara bayyana cutar a 1967, kuma ta fi kama 'yan mata da mata masu ƙuruciya.

Gwajin fotasiyam ba shi da tsada, kuma shi ne yakan fara tona asirin. Idan ya yi ƙasa, sai a auna renin da aldosterone. Idan duka biyun suka hau, sai a tabbatar jijiyar da ke kai wa ƙoda jini ba ta tsuke ba, sannan a nemi ƙarin da hoton CT ko MRI.

Ƙwayoyi irin su lisinopril suna saukar da jinin sosai, amma nan haɗarin yake: alamar takan lafa, a manta da ƙarin, ga shi kuma ba a ba mai juna biyu su domin suna illata ɗan tayi. Mace mai wannan cuta tana iya yin ɓari a ɗauka hawan jinin ciki ne kawai. Wannan abin takaici ne ƙwarai, tunda ƙarin kusan kullum ba sankara ba ne, kuma a tiyata ana yanke shi a bar sauran ƙodar. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin jininsu kan daidaita, da dama su ajiye magani gaba ɗaya.