Barewa da 'Yan'uwanta

Barewa dabbar daji ce mai kyaun gani. Bayanta ja ne, cikinta fari fat, da baƙin zane a kowane gefe. Tsayinta a kafaɗa ya ɗara ƙafa 2 kaɗan. Ƙafafunta sirara ne, amma wajen gudu ba dama. Shi ya sa Hausawa ke cewa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

'Yan'uwanta suna da yawa. Akwai gada, da mazo, da mariya, da kanki, da gwanki. Dukansu kofatonsu a rabe yake biyu, kuma suna tuƙa kamar akuya. Cikinsu ɗaki 4 gare shi. Sukan ci ciyawa da ganye da hanzari, sa'an nan su koma inuwa su dawo da abincin baki, su tauna a hankali.

Yara sukan tambaya, ko ƙahon barewa yana faɗuwa? A'a. Namiji da tamata duk suna da ƙaho, kuma yana nan muddin rai. Amma a Turai da Amurka akwai wata iri mai ƙaho da rassa kamar itace. Wannan kam kowace shekara sai ƙahon ya faɗi, sabo ya tsiro.

Barewa takan yi kamar wata 6 da ciki, ta haifi ɗa guda. Takan ɓoye shi cikin ciyawa, ta tafi kiwo, ta riƙa dawowa tana ba shi nono. Saboda haka wanda ya tarar da shi kwance kada ya ɗauka. Ba maraya ba ne.

To, ina barewa take yau? A ƙasar Dambatta da Bichi gona ta haɗu da gona, jeji ya ƙare. Ga kuma farauta da ƙunar daji. Yaro sai ya girma bai taɓa ganinta ba, sai a karin magana. Domin kiyaye namun daji aka keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauchi cikin 1956. A kudancin Kano kuma akwai dajin Falgore. In ba a bar wa dabbobin nan wurin zama ba, wata rana sunansu kaɗai zai rage.

Tambayoyi
1. Mene ne tuƙa?
2. Don me barewa ke ɓoye ɗanta?
3. Me ya kori barewa daga ƙasar Dambatta?