Gansakuka: Ma'aunin Inuwa da Laima a Lambu

Gansakuka aba ce wadda kowa ya sani, amma ba kowa ya taɓa tsugunawa ya dube ta da kyau ba. Da zarar marka ta kama a watan Agusta, sai mu ga ta rufe gindin katanga, da ƙarƙashin indararo, da gefen randa, da tsagar duwatsun ƙasarmu daga nan Birchi har Dutsin-Ma. Iyayenmu mata kan sa mu kankare ta, don a wurinsu ƙazanta ce. Ni kuwa ina so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu cewa tsiro ce mai rai, ana iya renonta, kuma tana gaya wa mai lambu inda ya kamata ya ajiye ƙananan itatuwansa. Wannan ba ƙaramin sani ba ne, idan muka tuna yawan dashen da mukan yi da damina, bazara ta zo ta ƙone shi.

Iri biyu, suna ɗaya

Da farko sai mu raba abu biyu da Bahaushe ya haɗa a suna ɗaya. Akwai gansakukar ruwa, watau koren abin nan mai yauƙi da kan taru a kududdufi da cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Wannan ba ta da kara, ba ta da ganye, kuma ba ita nake nufi ba. Lalle a wanke randa sarai, kada a sha ruwan da ya yi kore. Sa'an nan akwai gansakukar tudu, wadda ke shimfiɗa a kan dutse ko ƙasa ko ɓawon itace, mai laushi kamar karammiski. In ka ciro 'yar kaɗan ka duba da gilashin ƙara girman abu, za ka ga ashe ɗaruruwan tsirrai ne a cunkushe, kowanne da ɗan karansa da ganyayensa. Masana sun ƙidaya irinta kimanin 12,000 a duniya.

Yadda take rayuwa

Gansakuka ba ta da saiwa irin ta gero ko dawa. Abin da ke gare ta 'yan zarurruka ne da take maƙale wa dutse da su. Ruwa kuwa ta jikin ganyenta take sha, ganyen da ya fi takardar littafi rashin kauri. Don haka ne rana mai zafi da busasshiyar iska ke saurin busar da ita, don haka ne kuma take bin inuwa.

Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Kafin ta hayayyafa sai an sami ruwa a jikinta, don ƙwayar namiji iyo take yi cikin ɗigon ruwa har ta isa ga ta mace. Bayan haka sai wani siririn tsinke ya fito da ɗan ƙoƙo a kansa, cike da ƙwayoyi masu kama da ƙura. In ƙoƙon ya nuna ya buɗe, iska ta kwashe su, duk wadda ta faɗa wuri mai laima sai ta tsiro.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda take wuce rani. In hunturu ya shigo sai ta bushe, ta koma ruwan ƙasa, wanda bai sani ba ya ce ta mutu. Barci take yi. Mun gwada a aji: mun ajiye busasshiya a kan faranti, muka ɗiga mata ruwa, kafin a tashi daga darasin ganyayenta sun buɗe ta soma kore. Gani ya kori ji, kowa na iya gwadawa a gida.

Darajarta a wasu ƙasashe

Abin da muke kankarewa, wasu renonsa suke yi. A birnin Kiyoto na ƙasar Japan akwai wani wurin ibadar mabiya Buda mai suna Saihoji. Wani malaminsu, Muso Soseki, shi ya tsara lambun wurin a 1339, daga baya gansakuka ta mamaye ƙarƙashin itatuwan, har ta kai iri kimanin 120. Masu zuwa kallo sun yi yawa har ana tsoron su tattake ta, saboda haka tun 1977 sai mutum ya nemi izini tukuna kafin a bar shi ya shiga. A ƙasashen Turai kuma akwai wata iri mai tsirowa a fadamu masu sanyi, wadda kan riƙe ruwan da ya ninka nauyinta wajen sau 20. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, da auduga ta yi ƙaranci, da ita aka riƙa ɗaure wa sojoji raunuka.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Ruwan da ake samu a Kiyoto yakan kai wajen milimita 1,500 a shekara, namu kuwa bai cika kai 1,000 ba, kuma cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba ya ɗauke. Namu lambun gansakukar ƙarami ne, kamar faɗin tabarma, kuma da damina yake ado.

Zaɓen wuri

Littattafan Ingila kan ce gansakuka ta fi son arewacin itace ko bango. Haka ne a can, don a wurinsu rana kullum ta kudu take bi. Mu kuwa muna kusa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta, ranar tsaka ta ɗan karkata arewa da mu, sauran watanni kuma tana kudu. Har ila yau iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Saboda haka kada ka dogara da littafi kaɗai. Je ka wurin da safe, da tsakar rana, da kuma la'asar, ka ga inda inuwa ba ta gushewa. Gindin mangwaro, ko durumi, ko ceɗiya ya fi na gawo, don gawo da damina yake zubar da ganye. In akwai katanga ko zana da ke kare iska, to madalla.

Yadda ake dasa ta

1. A jira damina ta kankama, watau Yuli ko Agusta.

2. A share wurin, a cire ciyawa, a daddaɓe ƙasar kamar za a yi daɓe. Kada a yi mata kaftu, don gansakuka ba ta son ƙasa mai sako-sako. Ana iya jera tsingaro, ko tsohon kasko, ko duwatsu masu kaushi, don suna riƙe laima.

3. A ɗebo iri da wuƙa, a ɓamɓaro kamar faɗin tafin hannu tare da 'yar ƙasar da ke ƙarƙashi. Wadda aka samo a kan dutse a mai da ita kan dutse, ta ƙasa kuma a ƙasa. Kada a kwashe duka, a bar mafi yawa a inda aka same ta don ta sake rufewa.

4. A jiƙa wurin, a ɗora ta, a danna da tafin hannu har ta manne.

5. Duk ranar da ba a yi ruwa ba, a yayyafa mata safe da yamma da gwangwani mai ƙananan huji, har mako uku ko huɗu. Ruwan sama da aka tara ya fi. Yayyafi take so, ba kwarara ba.

Kula da ita

Kada a sa mata taki, ko na gida ko na zamani, don ciyawa zai ciyar ta taso ta danne ta. Kada a zuba mata toka ko ruwan sabulu. Busassun ganyayen da suka faɗo a kanta a tsince su da hannu, don ko da yake tana son inuwa, ba ta rayuwa cikin duhu. Babban abokin gabanta kaji ne, sai a kewaye ta da ƙaya. Kada a bar ruwa ya kwanta a kasko ko gwangwani, don kada garin neman ƙawa mu yi kiwon sauro. Kada kuma a dasa ta a bakin rijiya ko kan hanya, don tana da santsi, tana iya kā da yaro ko tsoho. Wadda ta fito a irin waɗannan wurare, iyayenmu sun yi gaskiya, a kankare ta. In rani ya yi, a ƙyale ta ta yi barcinta. Ba ta girma da sauri, amma sannu ba ta hana zuwa.

Amfanin wannan ga mai lambu

Wani zai ce, ina amfanin abin da ba a ci, ba a sayarwa? Ga amsa. Duk inda gansakuka ta zauna ta yi kore, to wurin yana da inuwa, iska ba ta dukansa, laima kuma tana daɗewa. Waɗannan uku su ne abin da ƙaramin mangwaro, da gwaiba, da lemo ke bukata tun suna cikin leda, kafin su yi ƙwari a fitar da su rana kaɗan kaɗan. A lambun makarantarmu, gefen shimfiɗar gansakuka muke jera ledojin dashe. In na zo da safe na ga ganyenta ya soma nannaɗewa, na san iska ta bushe, sai in taɓa ƙasar ledojin in ji ko suna son ruwa. Ga shi kuma inda ta rufe ƙasa, ɗigon ruwan da ke zubowa daga itace ba ya zaizaye ta.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba, da na 1984. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 na arewa da ake aikin dasa itatuwa don tare hamada. Dasawa ba ta da wuya, raya abin da aka dasa shi ne aiki, kuma daga wurin reno ake farawa. Saboda haka ina roƙon kowane ɗalibi, in damina ta zo, ya zaga gidansu ya ga inda gansakuka ta fi yawa, ya ajiye leda biyar na irin itace a wurin. Iyayenmu kuma ina roƙon su bar mana wannan ɗan lungu, kuma a taya mu korar kaji da awaki. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.