Mai tankin murjani, alkaliniti za ka fara aunawa

Aikina kula da tankunan ruwan gishiri ne a gidaje da ofisoshi, kuma ƙorafin da ya fi zuwa mini kusan iri ɗaya ne: murjani ya daina girma, bakin rassansa ya yi fari, alhali mai tanki ya auna kalsiyam ya ga lafiya lau. Wani ma sai ya ƙara zuba maganin kalsiyam ɗin, wai ƙari ba ya ɓaci. A tankin murjani yana ɓaci.

Murjani mai ƙashi dabba ce, kuma da kalsiyam kabonet take gina ƙashinta. Abu biyu take ɗiba daga ruwa a lokaci guda: kalsiyam, da kabonet ɗin da muke aunawa da sunan alkaliniti. Ɗibar tana da ƙa'ida. Da dKH ake auna alkaliniti, kalsiyam kuma da ppm, kuma duk lokacin da alkaliniti ya sauka da dKH 2.8, kalsiyam ppm 20 kacal ya tafi. Ruwan teku kuwa yana ɗauke da kalsiyam wajen ppm 420, alkaliniti kuma wajen dKH 7. Magini ne mai yashi tifa guda da siminti buhu kaɗan: simintin zai ƙare tas, tulin yashin yana nan kamar ba a taɓa shi ba.

Shi ya sa awon kalsiyam yake yaudarar mutane. Idan alkaliniti ya faɗi da dKH 1, kalsiyam ppm 7 ne kawai ya ragu, kuma kayan awon da muke amfani da su a gida da wuya su nuna wannan ɗan bambanci. Murjanin kuwa ya riga ya ji a jikinsa, musamman irin su Acropora da ba sa son sauyi ko kaɗan. Ni dai abin da nake riƙewa shi ne kalsiyam tsakanin 380 da 450, alkaliniti tsakanin 7 da 9, kuma na fi damuwa da alkaliniti ya tsaya wuri ɗaya a kan ya kai wata lamba da aka gani a jikin kwalba.

In aka cika kalsiyam ko alkaliniti fiye da kima, ruwan ba zai iya riƙe su duka ba, sai su haɗu su zama farin gari. Ka ciro famfon tankinka ka duba: in ka ga farin ɓawo mai tauri ya manne a jikin farfelarsa, ko yashin ƙasan tanki ya dunƙule har sai ka sa yatsa ka fasa, to kuɗin maganinka can yake tafiya. Wurare masu ɗumi yake fara kamawa, domin zafi yana rage narkewarsa. A irin wannan hali ina auna maganisiyam. Shi ke hana su saurin haɗuwa, kuma ana son sa tsakanin ppm 1250 da 1350. Haka nan kwalaben magani biyu, ta kalsiyam da ta alkaliniti, ba a zuba su tare a wuri ɗaya. A ba da tazara, a zuba inda ruwa ke gudu.

Yanayinmu ma yana da nasa hannu. Masu amfani da Kalkwasser, ruwan farar ƙasa da ake cike gurbin ruwan da ya ƙafe da shi, su lura da hunturu. Iska ta bushe, tanki yana shan ruwa da yawa, don haka farar ƙasar da ke shiga ta ƙaru ba tare da an sani ba. Da damina ta sauka sai lissafin ya juya. Ruwan ciko kuma ya zama wanda na'urar RO ta tace, domin na burtsatse yana zuwa da nasa sinadaran da ba ka auna ba. An sha tambayata ko kanwa za ta yi, tunda tana da kabonet. Tana da shi, amma tare da ƙasa da wasu gishirai, kuma ƙarfin wannan dunƙule ba shi ne na wancan ba. A bar ta a miyar kuka.

Don sanin abin da tankinka yake ci, auna alkaliniti yau, kada ka zuba komai, gobe war haka ka sake aunawa. Bambancin shi ne cin yini guda, shi za ka riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan. Giram 3 na zallar sodiyam bayikabonet a lita 100 yana ɗaga alkaliniti da kusan dKH 1, kuma ko ya faɗi ƙasa sosai, kada gyaran yini ɗaya ya wuce haka. Murjani na girma cinsa na ƙaruwa, saboda haka a maimaita wannan awo duk wata, da duk lokacin da aka sa sabon murjani a tanki.