Kayan Mallaka da Kayan Amfanin Jama'a

Buhun geron da manomi ya kai kasuwar Dawanau yana da siffofi biyu waɗanda kowa ya sani, ko da bai taɓa shiga makaranta ba: wanda bai biya ba ba a auna masa, kuma mudun da wani ya tuƙa ya ci ya fita daga rabon sauran mutane har abada. Irin wannan shi ne kayan mallaka, ciniki kuwa ya wadatar da shi, domin kwaɗayin riba ne yake mai da manomi gona kowace damina.

Amma a dubi ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta wajen ƙarni na 12, sa'an nan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Idan mahara suka taso aka rurrufe ƙofofi, amincin da ke bayan wannan katanga ya game malami da maƙeri da baƙon da ya sauka jiya, ya game wanda ya ɗauki ƙasa a ka ranar gini da wanda ya fake da ciwon baya. Barcin da ɗayansu ya yi bai tauye na maƙwabcinsa da komai ba. Irin wannan shi ne kayan amfanin jama'a. Wani masani Ba'amurke, Paul Samuelson, shi ya tsara wannan ƙa'ida bisa hanyar lissafi a 1954, ko da yake magabata sun daɗe suna aiki da ita.

To, a nan mushkila take. Tun da babu halin a hana wanda ya ƙi taimakawa, zuciya takan raya wa kowa ya noƙe wasu su yi, kuma babu attajirin da zai zuba dukiyarsa a abin da ba zai iya sayarwa ba. Saboda haka dole hukuma ta ɗora aikin a wuyan jama'a, a dā ta hanyar gayya, yanzu ta hanyar harajin da ake tarawa a baitulmali. Haka aka yi da cutar agana: gwamnatoci suka ɗauki nauyin yi wa mutane lamba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 1980 cewa an kawar da ita, duk jaririn da aka haifa bayan nan ya tsira bai biya ko anini ba.

Rijiya kuwa tsakatsaki take. Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mai da ita wakafi, ba a hana kowa ɗiba. Sai dai ruwa, saɓanin tsaro, yana raguwa da yawan guga, shi ya sa idan bazara ta yi tsanani masu unguwa sukan tsara wa gidaje lokacin ɗiba.