Fitar Ƙungiyar Mata Zuwa Tiga

Tambaya: Anti, ƙungiyarmu ta matan Kiru, mu 25, muna son fita shaƙatawa bakin ruwa bayan Sallah. Wasu sun ce Tiga, wasu Bagauda. Ina za mu dosa?

Amsa: 'Yar'uwa, ku cire Bagauda daga lissafi. Tsohon otal ɗin bakin tafkin ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, ba a faɗa masa da kulolin abinci haka kawai. Ku nufi Tiga, nan Bebeji kusa da ku. Dam ɗin aikin zamanin Gwamna Audu Baƙo ne, an kammala shi a 1974, kuma ruwansa ne ke shayar da gonakin shinkafar Kadawa da Kura. Tsohon otal ɗin Rock Castle ma yana nan kan dutse.

Ku tura mutum biyu tukuna su ga masu kula da wurin, su nemi izini. Ku yi sammako, ku tafi da tabarmi da butoci, kowacce kuma ta sanar da maigida tun da wuri, kada ranar tafiya a ji ana ciwon kan ƙarya. Kifi kuwa, ku saya hannun masunta, tarwaɗa tana motsi a cikin daro.

Inda zan ɗaure fuska shi ne kwale-kwale. Ba mu manta da hatsarin Bagwai na 2021 ba, inda ɗaliban Islamiyya suka rasu. In babu rigar kariya, kada wadda ta shiga, ko da hoto kawai za ta ɗauka. Ku kamo hanya da la'asar sakaliya.